Hawan Preikestolen Daga Jirgin Ruwa: Ta Inda Wahalar Take Ɓullowa

Kamfanonin da ke yawo da masu buɗe ido a manyan jiragen ruwa sun saba raba fitar da ake yi a duk tashar da jirgi ya yada zango zuwa gida uku: mai sauƙi, matsakaiciya, da mai wahala. Da wannan kalma guda, haɗe da 'yan layukan bayani da hoto mai ɗaukar ido, fasinja yake yanke shawarar biyan kuɗinsa, galibi tun watanni kafin ya sa ƙafa a cikin jirgin. Na bi wannan tsari tun daga zaɓe har zuwa tsamin jikin da ke biyo baya, a wata tafiya da muka yi a watan Yuli daga Southampton ta Ingila zuwa gaɓar yammacin ƙasar Norwe, ni da uwargidana da yayana wanda ya haura shekara sittin. Kamfanin bai yi ƙarya ba da ya rubuta "mai wahala" a gaban hawan dutsen Preikestolen, sai dai kalmar ba ta gaya wa mutum ta inda wahalar za ta ɓullo masa, alhali wannan ne abin da mai niyyar hawa ya fi bukatar sani.

Bayanin da kamfanin ya bayar gajere ne. An ce tafiyar ƙasa ce ta kilomita 8 zuwa da dawowa, tana cin kimanin awa huɗu, ana bukatar takalmi mai ƙwari da rigar ruwa, kuma ba a ba masu ciwon zuciya ko ciwon gwiwa shawarar shiga ba. Kilomita 8 ba abin tsoro ba ne ga wanda ya tashi yana zuwa makaranta da kasuwa a ƙasa, kuma a nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa, domin suna auna tafiyar da nisanta su manta da tsayinta. Da na nemi alƙaluman da mutanen yankin suke bayarwa sai abin ya fito mini sarai. Falalen dutsen da ake zuwa gani yana tsaye ne mita 604 a saman ruwan mashigin teku na Lysefjord, shi kuwa bakin hanyar yana kimanin mita 270 sama da teku. Wanda ya yi ragi zai ce ai hawan bai kai mita 350 ba, amma hanyar ba ta miƙe sama kai tsaye ba, tana hawa ne ta gangara ta sake hawa, ta yadda idan aka tara dukkan hawan da ƙafa za ta yi sai ya kai kimanin mita 500. Wannan adadi na ƙarshe shi ne wanda zuciya da cinya za su biya, kuma babu shi a takardar da muka karanta.

Yaya ya so ƙwarai ya hau. Ya ce mini, "Kai, ni fa Dala da Gwauron Dutse a guje nake hawansu tun kafin ka yi wayo." Na ce, "Haka ne, Yaya, amma wancan hawa ne na 'yan mintoci, ka kai sama ka zauna ka huta yadda ka ga dama. Wannan kuwa awa biyu kana hawa a kan duwatsun da ba a daidaita ba, awa biyu kana saukowa, ga jirgi yana jira da agogonsa, ga gwiwar da likita ya ce a lallaɓa." Mun daɗe muna juya maganar kafin ya yarda ya zaɓi fitar kwalekwale, wanda ke kutsawa cikin Lysefjord ya tsaya a ƙarƙashin dutsen a ɗaga kai a kalle shi daga ƙasa. Ba ƙaramin abu ba ne ƙane ya ce wa yayansa ƙarfinsa ba zai kai ba, kuma ban ji daɗin faɗar haka ba, amma bayan na ga hanyar da idona na ƙara tabbata cewa shawarar ta yi daidai.

Ni da uwargida muka shiga shiri tun da sauran makonni. Mun bar hawa lif a wurin aiki, mun koma bin matakala sama da ƙasa, mun kuma sayi takalman hawan dutse masu rufe idon sawu muka dinga yawo da su a unguwa har suka yi laushi, domin sabon takalmi a kan dutse bororo yake jawowa tun kafin a yi rabin hanya. Ita kuma ta yi tunanin sutura da kyau. Doguwar abaya ko zani ba za su yi ba a inda ake ɗaga ƙafa har kusan gwiwa a kowane taku, don haka ta zaɓi wando mai faɗi da riga mai saukowa har gwiwa da ƙaramin hijabi wanda iska ba za ta yi wasa da shi ba. Na ambaci wannan ne saboda babu kamfanin da zai rubuta shi a bayaninsa, kuma mace mai son ta suturta jikinta ta kuma hau dutse lafiya tana bukatar ta shirya shi tun daga gida.

Daga Southampton jirgi yakan yini guda a tsakiyar teku kafin ya isa Norwe, kuma a wannan yinin na je teburin masu kula da fita na zauna da ma'aikaciyar da ke wurin. Na tambaye ta awa nawa ne za mu yi a kan ƙafa, nawa ne a cikin mota, wane irin wuri za mu taka, ko akwai jagora a bayan ayari ban da na gaba, kuma da ƙarfe nawa za a ce kowa ya juyo ko ya kai ko bai kai ba. Ta amsa wasu nan take, wasu kuma sai da ta buga wa masu jagorancin da ke gari waya, domin kamfanin jirgi ba shi ne yake kai mutane kan dutse ba, 'yan kwangila ne na garin da aka tsaya. Daga amsoshinta na fahimci cewa ana auna kalmar "mai wahala" ne da ƙarfin gama-garin fasinjan jirgi, wanda sau da yawa dattijo ne da ya zo hutu, shi ya sa kalmar take iya rufe yawon awa biyu a titunan tsohon gari masu duwatsu, ta kuma rufe hawa irin wanda muke shirin yi, alhali tsakaninsu akwai tazara mai yawa.

Da safe jirgi ya ɗaure a tsakiyar birnin Stavanger, dab da tsohuwar unguwar nan mai fararen gidajen katako. Aka tara mu a babban zauren jirgi, aka manna wa kowa lamba a ƙirji, aka miƙa mana ƙunshin abincin rana, sannan aka fito da mu rukuni rukuni zuwa motoci. A bakin ƙofar fita an kafa allo mai ɗauke da lokacin da dole kowa ya kasance a cikin jirgi, wanda yakan zama rabin awa kafin tashi. Motar ta bi ta ramin Ryfylke, wanda aka buɗe a watan Disamba na 2019, mai tsawon kilomita 14.4 a ƙarƙashin teku. Kafin a haƙa shi sai an tsallaka da fito zuwa garin Tau, abin da ke ƙara cinye lokacin masu zuwa daga jirgi. Yanzu tafiyar ba ta kai awa guda ba.

A cikin motar ne jagoranmu, wani matashi ɗan yankin, ya faɗi maganar da ta fi kowace muhimmanci a ranar. Ya sanar da lokacin juyowa, ya maimaita shi, ya ce duk wanda lokacin ya riske shi a hanya, ko da saura mita ɗari ya isa, to ya juya ya kama saukowa. Na yi lissafi a raina. Idan aka cire taruwa da zuwa da dawowa a mota daga awoyin da jirgi zai yi a tasha, abin da ya rage mana a kan dutsen bai wuce awa biyar ba. Awa huɗun da ake faɗa kuwa na mai matsakaicin ƙarfi ne wanda bai tsaya ya daɗe a ko'ina ba. Ke nan rarar da ke hannunmu, ta hutawa da cin abinci da ɗaukar hoto da jiran layi a wuraren da hanya ta tsuke, ba ta kai awa guda cikakkiya ba. Mutumin da ya zo da motarsa ya kwana a gindin dutsen yana iya fita da asuba ya yi awa bakwai yana tafiya yana hutawa, ya dawo yana cewa hawan ba wuya. Fasinjan jirgi dutse ɗaya yake hawa da shi, amma ba aiki ɗaya suke yi ba.

Hanyar ba ta yi mana sallama ba. Daga wurin ajiye motoci, inda banɗaki na ƙarshe yake, sai kawai ta miƙe sama a kan tsakuwa tana lanƙwasa cikin itatuwa, kuma cikin mintoci goma na fara jin bugun zuciyata a kunne. Mun fito daga mota da sanyi a jiki, kowa ya ɗaure rigarsa har wuya, amma kafin a kai kan tudun farko gefen hanya ya cika da masu tuɓe riguna suna cusawa a jaka. Wannan hawa na farko yana karya gwiwar mutane da yawa, domin jiki bai riga ya ɗumama ba, ga shi an kwana biyu ana zaune ana cin abincin jirgi, ga kuma tsoron kada a bar mutum a baya yana sa shi saurin da ya fi ƙarfinsa. Na ga wani magidanci da matarsa sun tsaya a nan suna haki, suka yi magana da jagoran baya, suka juya. Uwargida ta ce, "Malam, mu rage sauri, mu bi numfashinmu, kada mu bi na mutane." Muka koma gajeren taku wanda za mu iya magana muna yinsa, kuma wannan takun ne ya kai mu.

Bayan tudun farko hanya takan sassauta, ta bi ta wani dausayi inda aka shimfiɗa katako a kan laka, mutum ya samu ya maida numfashi har ya fara zaton mafi wuyar ya wuce. Daga nan ne matakalun dutse suke farawa. Tun daga shekarar 2013 aka ɗauko magina 'yan ƙabilar Sherpa daga ƙasar Nepal suka gyara hanyar, suka jera manyan duwatsu da hannu suka mai da su matakala, kuma aikin nasu abin yabo ne, domin kowane dutse ya zauna daram ba ya motsi. Sai dai dutse ba bulo ba ne. Wata matakalar ba ta wuce tafin hannu ba, mai bi mata kuma ta kai kusan gwiwa, wata shimfiɗaɗɗiya, wata a karkace, don haka ƙafa ba ta samun kiɗan da za ta bi kamar yadda take samu a matakalar bene. Kowane taku sai ido ya zaɓa masa wuri. Wannan aikin na ido da ƙwaƙwalwa yana gajiyarwa ta hanyar da ban taɓa lura da ita ba a duk shirin da muka yi a gida, kuma ya fi tsananta ga gajeren mutum, wanda dole ya dafa cinya ko dutse ya ɗaga jikinsa a inda dogo zai taka ya wuce.

Wurin da ya fi kowane tsanani shi ne wani kwazazzabo da ake kira Neverdalsskaret, wajen tsakiyar hanya, inda matakalun suke tashi kusan a tsaye tsakanin manyan duwatsu. A nan ne cunkoso ya same mu. Fiye da mutum 300,000 ne suke hawa wannan dutse a shekara, mafi yawansu a 'yan watannin zafi, kuma motocin masu zuwa daga jiragen ruwa duk kusan lokaci ɗaya suke isowa, daidai lokacin da waɗanda suka yi sammako suke saukowa. Sai mutum ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama ɗaya a ƙasa yana jiran a wuce, bayansa kuma wasu suna jiran ya matsa. Ba ya iya hutawa lokacin da yake so, ba ya kuma iya tafiya lokacin da ƙarfi ya zo masa. Ana cikin haka aka fara yayyafi, duwatsun suka yi duhu suka ɗauki santsi, musamman inda dubban takalma suka goge su. Na ji zufa tana bin bayana a ƙarƙashin rigar ruwa alhali yatsuna suna sanyi. Uwargida ta zauna a kan wani dutse a gefe, muka ci dabino muka sha ruwa, na duba agogo na ga mun cinye fiye da rabin rarar da muke da ita.

Da aka fita daga kwazazzabon sai itatuwa suka ja baya, ƙasa ta buɗe ta zama falalen dutse tsirara, da wasu ƙananan tafkuna da ake kira Tjødnane da wata 'yar bukka da aka gina domin wanda hadari ya rutsa da shi. Daga nan ana bin harafin T da aka shafa da jan fenti a jikin duwatsu, alamar ƙungiyar masu yawon duwatsu ta ƙasar wadda aka kafa tun 1868, da turakun da ke nuna nisan da ya rage. Hawan ya yi sauƙi a wannan yanki, amma iska ta karɓi aikin, tana bugun jikin da ya jiƙe da zufa, har sai da kowa ya sake ciro rigar da ya tuɓe a ƙasa. Kusa da ƙarshe hanya takan bi ta gefen dutse, inda hagu yake a buɗe har ƙasa, kuma ko da yake faɗinta ya ishi mutane su wuce juna, wanda ke jin jiri idan ya leƙa rami zai sha wuya a nan. Wata baiwar Allah daga cikin ayarinmu, wadda ta riga mu ƙarfi a duk matakalun, a nan ta tsaya cik ta manne da jikin dutse, sai da jagora ya tsaya ta ɓangaren ramin ya raka ta a hankali. Tsoron tsayi wahala ce ta daban wadda ba ta da alaƙa da ƙarfin jiki, kuma rabon nan na gida uku ba ya auna ta.

Shi kansa Preikestolen wani fili ne na dutse mai kimanin mita 25 a tsawo da faɗi, a shafe kamar an yanke shi da wuƙa, kuma babu shinge ko igiya a bakinsa, domin hukumomin ƙasar sun zaɓi su bar wurin yadda Allah Ya yi shi, kowa ya kula da kansa. Yayyafin ya ɗauke kafin mu isa, hazo ya yaye, muka ga Lysefjord a miƙe tsakanin duwatsu, mashigin da tsawonsa ya kai kilomita 42, da kwalekwalen masu kallo can ƙasa ƙanana ƙwarai. Na yi tasbihi a fili ban san na yi ba. Akwai wata tsaga da ta ratsa dutsen daga gefe zuwa gefe wadda masana suke sa wa ido, kowa kuma yana tsallake ta ya wuce. Layin masu son hoto a ƙarshen dutsen ya yi tsawo, muka duba agogo muka haƙura da shi, muka zauna nesa da baki muka ci abinci. Ba mu yi rabin awa ba jagora ya fara kiran lambarmu. Lokacin Azahar bai ma shiga sosai ba, domin a can a watan Yuli rana ba ta karkatawa sai wajen ƙarfe biyu saura, ba ta kuma faɗuwa sai bayan goma na dare, don haka muka bar sallar muka haɗa ta da La'asar bayan mun koma jirgi, kamar yadda aka sauƙaƙa wa matafiyi.

Saukowa ita ce ainihin jarrabawar, kuma ita ce abin da na fi so mai karatu ya riƙe. A wajen hawa huhu ne yake kuka, kuma idan aka tsaya minti biyu sai ya yi shiru. A wajen saukowa kuwa naman gaban cinya ne yake aikin birki, yana riƙe nauyin jiki duka a kowane taku, gwiwa kuma tana karɓar bugun, kuma tsayawa ba ta mayar da abin da ya tafi. Matakalun nan masu tsayi da muka hau da dafa cinya, yanzu sai an sauke ƙafa ɗaya cikin rami ana neman wurin takawa a kan jiƙaƙƙen dutse, ɗayar kuma tana lanƙwashe tana ɗauke da mutum. Kafin mu gama Neverdalsskaret ƙafafuna sun fara rawa da kansu idan na tsaya. Uwargida ta koma saukowa a gicciye, tana sa sandar dogarawa a gaba kafin ƙafa, kuma sandunan nan biyu da muka yi ta shakkar ɗaukowa su ne suka cece mu. Jagoran ya gaya mana cewa yawancin waɗanda masu aikin ceto suke saukowa da su a wannan ɓangaren suke samun rauni, lokacin da gajiya ta rage hankali kuma mutum yana ganin ai an gama. Mun wuce wani saurayi a zaune da takalmin yawon gari mai sulɓin ƙasa, idon sawunsa ya kumbura, abokansa suna ɗaure masa shi da ƙyalle. Saukowar ta ci mana lokaci daidai da hawan, ba ta ragu da komai ba, har da 'yan hawan da hanya take sake yi a kan hanyar komawa, waɗanda mutum ya manta da su sarai.

Na lura da waɗanda suka yi tafiyar cikin sauƙi da waɗanda suka sha wuya, kuma shekaru ba su ne suka raba su ba. Akwai wasu tsofaffin mata biyu masu furfura da suka riga mu isa mota, siraran mutane masu gajeren taku da tsofaffin takalma, waɗanda ka gan su ka san tafiya a kan tudu al'adarsu ce ta kowane mako. Akwai kuma majiya ƙarfi da suka wuce mu a guje a tudun farko, muka same su a zube a kwazazzabo. Wanda ya saba hawa da sauka a ƙasa marar daidaito na awa uku ko huɗu, kuma gwiwarsa lafiya take, zai ga hawan aiki ne mai gajiyarwa amma mai yiwuwa. Wanda tafiyarsa duka a shimfiɗaɗɗen titi take, ko da yana yin kilomita goma kullum, zai gamu da abin da bai shirya masa ba. Mun isa mota da 'yan mintoci a hannu, wasu kuma sai da aka jira su. Amfanin sayen fitar daga hannun kamfanin jirgi, duk da ta fi tsada, shi ne idan motarsa ta makara jirgi yakan jira, wanda ya tafi da kansa kuwa idan ya makara sai ya nemi hanyar da zai cim ma jirgin a tasha ta gaba da kuɗin aljihunsa.

Akwai wani abu kuma da ba a lissafa shi lokacin zaɓe, wato jirgi ba ya ba da ranar hutu. Washegari muka wayi gari a tashar Olden, inda muka riga muka biya kuɗin zuwa ƙanƙarar Briksdal, wani tsibin ƙanƙara da ya daskare a jikin tsauni, fitar da aka rubuta wa "matsakaiciya". Tsamin jiki irin na saukowa ba a ranar yake bayyana ba, sai an kwana, ya kuma fi tsanani a kwana na biyu, don haka na sauko daga gado ina dafa bango. Ita wannan tafiyar kimanin kilomita 3 ce zuwa, da hawa na kusan mita 200, a kan faffaɗar hanya mai tsakuwa wadda ke bi ta kan gada a gaban wani ruwa mai zubowa daga dutse yana feshin duk mai wucewa. Da sabon jiki ba za ta kai awa guda ba, kuma ba ta kai kashi ɗaya cikin uku na wahalar jiya ba, amma da cinyoyin da muka kawo mata ta zama aiki. Yaya ya hau ɗaya daga cikin ƙananan motocin nan marasa rufi da suke kai mutane kusa da ƙarshe, ya taka ragowar 'yar tafiyar da ƙafarsa, muka same shi zaune a bakin tafkin yana kallon ƙanƙarar. Ita reshe ce ta Jostedalsbreen, ƙanƙara mafi girma a doron nahiyar Turai, kuma ta ja baya ƙwarai tun daga wajen shekarar 2000, har alamun da aka kafa a hanya suna nuna inda bakinta yake a da. Wanda zai yi irin wannan tafiya ya kamata ya kalli jerin tashoshin gaba ɗaya kafin ya biya, ya bar rana mai sauƙi a bayan rana mai wuya.

A tashar Ålesund ba mu sayi kowace fita ba. Daga lambun tsakiyar gari akwai matakalu 418 da suke hawa dutsen Aksla, inda ake hango garin da aka sake ginawa bayan gobarar 1904 da tsibiran da ke kewaye da shi, kuma daga inda jirgi ya ɗaure zuwa gindin matakalun tafiyar 'yan mintoci ce. Yaya ya ce, "Wannan kam ba mai hana ni." Ban yi gardama ba, domin matakalun a daidaice suke, da abin dafawa da wuraren zama a kan hanya, kuma jirgi ba zai tashi ba sai yamma, babu ayari babu lokacin juyowa. Ya dinga hawa ashirin ko talatin ya zauna, ya tashi ya ƙara, muna biye da shi, har muka kai sama a cikin abin da ya ninka lokacin da matasa suke yi. Numfashinsa ya ɗauke shi lafiya, kuma ya yi farin ciki ƙwarai. Da aka zo komawa ya leƙa matakalun daga sama, ya shafa gwiwarsa, ya ce ba zai sauka ta nan ba, sai muka kira tasi ta ɗauke shi ta titin da ke zagayowa ta bayan dutsen, ni da uwargida muka sauko a ƙasa muka same shi a tashar jirgi.